Labarin Hajo da Madam Ramatu: ƙawance ne, ko ya wuce nan?

Maman Nafisa (Ali Ɗan Tsoho):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana huɗu ke nan ban saki babi na 12 ba, saƙonni kuma sun yi mini yawa a gefe, shi ya sa na ga gara in kawo maganar gaban kowa a yi ta a fili.

Ga waɗanda ba su bi labarin daga farko ba: mata biyu ne, katangar laka ɗaya ta raba su. Hajo Bagobira ce daga Tibiri, bazawara, tana tuyar waina a ƙofar gida. Bakinta ba ya shiru, rediyonta ba ya mutuwa, awakinta ba su san turke ba. Madam Ramatu Bazabarma ce, daga Doso aka turo ta nan Maraɗi ta koyar a lakwal, wato makarantar boko, ta kama hayar gidan da ke jikin na Hajo. Mace ce mai tsari, ko tsintsiyarta tana da ƙusar da ake rataye ta, magana kuwa sai ta kama dole. Famfo ɗaya suke ɗiba, takardar kuɗin ruwa ɗaya ke zo musu, to kun san sauran. Hayaƙin tanda yana shiga tagar Madam tun kafin assalatu. Akuyar Hajo ta cinye takardun yara da Madam ta kwana tana gyarawa. Sau biyu ana kai su gaban mai unguwa.

A babi na 9 zazzaɓi ya kwantar da Madam, ba ta da kowa a gari, Hajo ce ta shiga da kunun tsamiya, tana mita tana ba ta a baki. A babi na 11 ruwan Agusta ya kayar da katangar har da ɓarin ɗakin Madam, ta koma ɗakin Hajo kwana tara. Daren da magini ya gama tayar da katanga na rubuta cewa Hajo ta kasa barci, tana sauraron ƙarar silifas ɗin Madam ta bayan gini, da safe kuma ta ƙona waina, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wannan layin ne ya tayar da ƙura. Wasu sun ce madigo nake tallatawa. Wata ta ce in ji tsoron Allah in goge. Ba zan yi muku ƙarya ba: lokacin da na fara, labarin faɗan maƙwabta na yi niyya, na ban dariya. Amma da na zo nan na gane abin da ke zuciyar Hajo ya fi ƙarfin abin da muke kira ƙawance, ita kanta ba ta san sunansa ba. Babu batsa a ciki, ba kuma za a samu ba, duk wanda ya karanta shaida ne. Tambayata ita ce: in kawar da kai in yi kamar ban gani ba, ko in bi labarin inda ya nufa? Ku faɗa mini gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam. Anti, tunda kin ce a faɗi gaskiya, ni ce na ce ki goge, kuma har yanzu ina kan bakata. Ɗiyata shekararta 15, da wayata take karanta labarinki. Ba sai an rubuta batsa ba ake ɓata yaro. Idan kika sa mai karatu ya so Hajo, ya yi dariya da ita, ya yi kuka da ita, sannan kika nuna masa ga abin da ke ranta, kin riga kin sassauta masa abin a zuciya. Wannan ya fi batsar haɗari, don ita batsa kowa ya gan ta ya san ƙazanta ce. Ki aurar da Madam ta koma Doso, a rufe littafi lafiya.

Hajiya Babba (Mokoyo):
Ku yaran yanzu waya ta ɓata muku ido, komai kuka gani sai ku fassara shi da abin da kuka gani a can. Ni jikata ke karanta mini labarin nan da dare, kuma da aka zo wurin waina ta ƙone sai da na share hawaye, don uwata na tuna.

Ɗiyata, a zamaninmu ƙawa ba wadda kuka haɗu a biki kuka karɓi lambar juna ba ce. Ƙulla ta ake yi. A aika da goro da ɗan abin hannu, a ce wance tana son ki da ƙawance, ke ma ki mayar. Daga ranar nan bikinki nata ne. In ta kawo miki gudummawa ranar sunan ɗanki, ranar nata sai kin ƙara a kai, haka ake ta yi har tsufa. Asirin da ba ki faɗa wa miji ba, ba ki faɗa wa uwa ba, ita ke riƙe da shi. Uwata da ƙawarta shekara fiye da arba'in katanga ɗaya, tun bayan da ruwan 1945 ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu iyayensu suka yi maƙwabtaka. Kullum cikin faɗa suke, wannan ta ce waccan marowaciya, waccan ta ce wannan almubazzara. Ranar da ƙawar ta rasu uwata ce ta yi mata wanka, kuma ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba har ta bi ta bayan wata bakwai. Wa ya taɓa zarginsu da wani abu? Babu. An san mace tana iya son mace har ranta, ba tare da shaiɗan ya shiga ba. Ki bar Hajo da Madam yadda suke. Kada ki sa wa abin suna, sunan ne ke kawo fitina.

Maman Nafisa:
Allah ya jiƙan Inna da ƙawarta, Hajiya, na gode. Wallahi da zan iya tsayawa a nan da na huta. Amma ni na halicci Hajo a takarda, na san ba irin na su Inna ba ne. Akwai kishi a ciki. A babi na 10 da wani diraktan lakwal ya fara zuwa gaishe da Madam, kun ga yadda Hajo ta watsa ruwan ƙullu a ƙofar gida har ya ɓata masa takalmi. Kowa ya yi dariya, ni kuwa da na sake karantawa gabana ne ya faɗi.

Hajiya Babba (Mokoyo):
Ƙawa ma tana kishi, ɗiyata. Ki tambayi duk wadda ƙawarta ta yi sabuwar ƙawa.

Abban Sumayya:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Islamiyya, ba ni da yawan magana a zauren nan, amma wannan ta shafe ni.

Hukuncin aikin kansa babu saɓani a kai tsakanin malamai, haramun ne, kuma ban ji Maman Nafisa ta ce wani abu daban ba. Sai dai akwai abu biyu da nake ganin ana haɗe su alhali ba ɗaya ba ne. Akwai abin da zuciya ta raya, akwai abin da gaɓɓai suka aikata. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko su furta. Don haka macen da ta tsinci wani abu a ranta, ta yi ta kokawa da shi, ba a ce mata fasiƙa. Ana iya ma samun lada a wannan kokawar.

Abin da zan ja hankalin marubuciya a kai shi ne ƙawatawa. In alƙalami ya yi wa haram kwalliya har mai karatu ya ji sha'awarsa, akwai hisabi. In kuwa ya nuna ɗan Adam da rauninsa da tsoron Ubangijinsa, wannan wani abu ne daban. Ke kika san niyyarki.

Sannan ga masu bin ta a gefe suna jifan ta da kalmomi: ku karanta aya ta 12 a Suratul Hujurat. Zato zunubi ne a wani sashinsa. Rubuta labarin ɓarawo bai mayar da marubuci ɓarawo ba. Matar aure ce da ƴaƴa, mutuncinta ba abin wasa ba ne.

Ummu Khalil:
Malam, ni ban zarge ta da komai ba, Allah ya sani. Littafin nake magana a kai. Kuma kai da kanka ka ce akwai hisabi in an ƙawata. To wa zai auna? Yarinya ƴar shekara 15 ce za ta auna?

Abban Sumayya:
Ba ke nake nufi ba, Malama, ke a fili kika yi maganarki. Tambayarki kuma tana kan hanya. Ni dai a ganina uwa ce ma'auni, tunda da wayarki take karantawa.

Ƴar Jami'a:
Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina son in yi magana kan rubutun kansa, don tun ɗazu ana ta maganar hukunci, ba wanda ya ce uffan kan ko labarin ya ginu.

Anti, ki yi haƙuri, amma ma'auninki ya karkata. Hajo kika ba duka rai. Mun san yadda take dariya, mun san bashin da ake bin ta wurin mai shinkafa a babbar kasuwa, mun san abin da ya kashe aurenta. Madam fa? Babi goma sha ɗaya ba mu san komai a kanta ba sai tsabta da shiru. Shiru ba hali ba ne, sai an nuna mana abin da aka danne a ƙarƙashinsa. Labarin mutum biyu masu saɓanin hali ba ya tsayuwa sai kowanne yana da gaskiyarsa, kowanne kuma yana da laifinsa. Yanzu kamar Hajo ce wuta, Madam kuma bango ce kawai da wutar ke haskawa. Idan har akwai so a labarin nan, na gefe ɗaya muka gani, don ba ki taɓa shigar da mu cikin kan Madam ba.

Ga kuma abin da ya tsaya mini: Agusta tsakiyar hutun bakans ne, lakwal ba ta komawa sai Oktoba. Malamar da aka turo daga Doso me take yi a Maraɗi a watan Agusta? Duk malaman da na sani ana rufe aji suke hawa mota su tafi gida. Ko dai kuskure ne, ko kuma akwai dalilin da ya hana ta tafiya. In dalili ne, to nan labarinki yake.

Maman Nafisa:
Ƙanwata, kin kama ni, kuskure ne, ban lura ba sam. Amma tun da na karanta saƙonki nake zaune da tambayar. Me ya hana ta tafiya? Na fara jin kamar na san amsar.

Ɗan Gobir:
Ni Bagobiri ne na Tibiri, kuma akwai dukiyar da kika bari a ƙasa ba ki ɗauka ba, Hajiya. Kin haɗa Bagobira da Bazabarma katanga ɗaya, amma ko sau ɗaya ba su yi wasan da ke tsakaninmu ba! Mu da Zabarmawa abokan wasa ne, kowa a Nijar ya san haka. In na haɗu da Bazabarme a tasha, ko ban san shi ba, sai na ce masa bawana, shi ma ya rama, mu rabu muna dariya. Har UNESCO ta sa wannan al'ada ta ƙasarmu cikin kayan gadon duniya a 2014. Mai unguwan da kika kai su gabansa, da mai unguwan gaske ne, yana jin wannan Bagobira ce waccan Bazabarma zai kore su ya ce ku tafi, ba a shari'a tsakanin abokan wasa.

To dubi abin da wannan zai ba ki. Hajo tana da lasisin zagin Madam safe da yamma, ba wanda zai ce don me. Madam da ta taso a gidan ƴan boko, mai ɗaukar komai da gaske, ta ƙi karɓar wasan, shi ne asalin faɗansu. Ranar da ta fara ramawa, mai karatu ya san ƙanƙara ta narke. Ranar kuma da Hajo ta buɗe baki za ta tsokane ta ta kasa, ta yi shiru, to ba sai kin rubuta wata kalma ba. Duk ɗan ƙasar nan ya san in abokin wasa ya daina yi maka wasa, wani abu mai nauyi ya shiga tsakani.

Ƴar Jami'a:
Kawu, wannan shawarar ta fi duk abin da na faɗa. Anti, ki koma babi na 2 ki dasa shi tun daga can.

Baban Walid (Sabon Gari):
Ni ɗan kasuwa ne, ina shiga Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma littattafan nan na sayar da su shekaru kafin waya ta kashe kasuwar. Ba zan ce rubuta ko kar ki rubuta ba. Zan dai tuna miki cewa rabin masu karanta ki suna ƙetaren iyaka. A Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a, waɗanda ko kusa ba su taɓo irin wannan magana ba. A 2014 kuma Najeriya ta sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Nan gida ma waɗanda suka girma sun tuna abin da ya faru a garin nan a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, yadda aka ƙona wurare, mata marasa galihu suka fi kowa shan wahala. Mutanenmu in an taɓo abin da ya shafi tarbiyya ba sa tsayawa karanta babi na 1 zuwa na 11. Hoton layi ɗaya za a ɗauka a watsa a WhatsApp da sunanki a sama. Ki yi shawara da maigidanki kafin ki saki komai.

Maman Nafisa:
Na gode Alhaji. Ya sani, shi ne ma ya ce in kawo maganar nan.

Shugabar zaure:
Jama'a, wata ƴar'uwa ta turo mini saƙo ta ce in sa shi ba tare da sunanta ba. Na yi alkawari, kuma kada wanda ya tambaye ni ko wace ce, ba zan faɗa ba ko da wasa. Ga shi yadda ta rubuto:

"Anti Maman Nafisa, ni ce Hajo. Ba waina nake toyawa ba, amma ni ce. Ina da aure, ƴaƴana uku, ba na wasa da salla. Shekara shida muna maƙwabtaka da wata baiwar Allah, farkon zuwanta ko gaisuwa ba ma yi saboda rigimar yara. Ban san lokacin da abin ya juya ba. Na dai wayi gari in ban ji muryarta ba wunin nan ba ni da sukuni. Ban taɓa faɗa mata ba, ban taɓa yin abin da zan ji kunyar Ubangijina ba, ko hannunta ban taɓa riƙewa da wata manufa ba. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na roƙi Allah ya cire mini. Da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka tashi, na yi wata biyu ina ciwon da likita bai gano ba. Kowa ya ce aljanu ne.

Duk littafin da na taɓa karantawa da aka sa mace irina, ƴar iska ce mai bin ƴan mata da kuɗi, ƙarshenta kuma ko hauka, ko mugun ciwo, ko mota ta take ta. Sai in rufe in ce to ni ma haka Allah yake kallona ke nan. Labarinki ne na farko da na ga mace mai salla, mai neman halak ɗinta, mai tausayi, wadda abin ya faɗo mata ba ta nema ba. Ba na roƙon ki halatta komai, ni ma na san hukunci. Roƙona ɗaya: kada ki kashe Hajo. Kada ki haukatar da ita. Ki bar ta ta rayu, ko da cikin haƙuri ne, don in san irina ma suna rayuwa."

Hajiya Babba (Mokoyo):
Allah sarki. Ɗiyata, ko wace ce ke, Allah ya sanyaya miki. Na ce kada a sa wa abin suna, ga shi mai abin ta zo da kanta. Ban da abin cewa.

Abban Sumayya:
Ƴar'uwa, abin da kika bayyana, in haka yake, ba hanyar halaka kike kai ba. Wanda ya ji tsoron tsayuwa gaban Ubangijinsa ya hana rai abin da take so, Alƙur'ani ya faɗi makomarsa a ƙarshen Suratun Nazi'at. Kada ki yanke ƙauna, kada kuma ki bari wani ya sa ki ɗauki kanki abin ƙyama. Ina roƙon jama'a kada a mayar da saƙon nan abin gulma.

Ummu Khalil:
Na karanta sau uku. Wallahi jikina ya yi sanyi, kuma ina yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Amma ku yi mini adalci, tsorona bai tafi ba. Ita babba ce, ta san Allah, ta riƙe kanta. Ɗiyata fa? Wadda ba ta kai nan ba, in ta karanta ta ɗauka duk ƙawar da take so a aji ita ce wannan? Ban ce a kashe Hajo ba, ni ma ba na son ƙarshen mota da hauka, ƙarya ce marubuta ke yi don su wanke kansu. Na dai ce wannan ba karatun yara ba ne. In za ki ci gaba, Anti, ki fitar da shi daga babban zaure.

Ƴar Jami'a:
A nan na yarda da Ummu Khalil rabi. A raba zaure, wannan daidai ne. Inda ban yarda ba shi ne a ce aurar da Madam a mayar da ita Doso shi ne "rufewa lafiya". Lafiyar wa? An yi amfani da namiji kamar murfin tukunya ke nan, shi ma an zalunce shi. In Madam za ta yi aure, ta yi don labarin ya kai ta can, mu ga abin da ya ci mata da abin da ya ci wa Hajo. In kuma za su tsufa katanga ɗaya suna faɗa kan kuɗin famfo, kowace ta san abin da ke ran ƴar'uwarta ba wadda ta furta, shi ma ƙarshe ne, kuma ya fi kama da rayuwar da muke gani.

Maman Ikram (Zariya):
Ni dai tambaya gare ni. Shin dole ne Madam ta ji irin abin da Hajo ke ji? Ni yadda na karanta ta, mace ce da ba ta taɓa samun wanda ya kula da ita ba, sai ga wadda ta ba ta kunu a baki. Wataƙila uwa ta samu, ko yaya. In ɗaya tana kallon uwa, ɗaya tana kallon wani abu daban, wannan ciwon ya fi kowanne, kuma ba wanda zai ce kin halatta wani abu.

Maman Nafisa:
Maman Ikram, wannan ita ce tambayar da ta hana ni barci, kuma ba zan amsa ta a nan ba don ban gama sani ba. Sai na shiga kan Madam tukuna, kamar yadda ƙanwata ta ce.

Ga abin da na yanke. Ba zan goge ba. Ba zan kashe Hajo ba, ba zan haukatar da ita ba. Ƴar'uwa mai saƙo, kin ji alkawarina. Ba kuma zan rubuta abin da zan ji kunyar Malam ko Hajiya Babba su karanta ba. Daga babi na 12 zan buɗe ƙaramin zaure na manya, Shugaba ta tantance masu shiga, Ummu Khalil ta yi gaskiya a wannan. Zan koma baya in dasa wasan Gobirawa da Zabarmawa, in kuma ba Madam babi guda nata ita kaɗai, a ji abin da ta baro a Doso da ya sa ko hutu ba ta son komawa.

Usta Magini (Bagalam):
Salamu alaikum, ku gafarce ni, na shigo a makare, matata ce ke bin labarin take ba ni. Ni ba ruwana da muhawarar, gini na sani, shekara 26 ina yin sa. Hajiya, akwai gyara a babi na 11. Katangar laka da ta faɗi a Agusta ba mai tayar da ita cikin kwana tara. Da wane tubali? Tubalin laka rana yake so ya bushe, in kika buga shi cikin damina ruwan dare ɗaya zai mayar da shi taɓo. Sai in na siminti za a sa, mai tuyar waina da malamar lakwal mai jiran albashi kuwa ba su da kuɗinsa, mai gidan haya kuma kin san halinsu, zai ce a jira kaka. Abin da ake yi shi ne a kafa itace a ɗaura zana, a lallaɓa har ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba a buga tubali. Ɗakin Madam ma haka, sai dai a rufa leda a tokare.

Maman Nafisa:
Usta, wato wata biyu zuwa uku ke nan ba katanga?

Usta Magini (Bagalam):
Ƙwarai. Zana kawai. Ita kuwa zana kin sani, ba ta tare magana, ba ta tare hayaƙi, akuya ma in ta matsa sai ta wuce. Da dare in an kunna fitila a wancan gefe, ana ganin hasken ta cikin saƙar, har inuwar mutum in ya gitta.

Maman Nafisa:
Allah ya saka da alheri, Usta. Babi na 11 zan sake shi gaba ɗaya. Shugaba, a buɗe ƙaramin zauren, ranar Juma'a bayan la'asar zan turo.